Jam'iyyar Fartanya: Wa Aka Shigar Zaure, Wa Aka Bari A Ƙofar Gida?

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomin shinkafa a Kura. Ya ce shi da abokan hirarsa, wasu 'yan kasuwar tumatir ne a Kwanar Gafan, wasu kuma manoman rani ne daga Bunkure, sun kwana biyu suna gardama a kan jam'iyyar NPC ta su Sardauna. Wasu sun ce jam'iyyar sarakuna ce zalla, talaka ba shi da wurin zama a cikinta. Wasu kuma sun ce a'a, ita ce ta haɗa kan Arewa, Musulmi da Kirista, ba a sake yin irinta ba. Shi ne yake so mu raba gardama, mu kuma gaya masa dalilin da ya sa Kano ta riƙa zame wa NPC, ta kuma zame wa NPN a bayanta.

To Malam, mun gode da wannan tambaya, Allah ya ba da damina mai albarka da rani mai albarka. Gaskiyar magana, kowane ɓangare a majalisar taku ya riƙe wani yanki na gaskiya. Sai ka gyara zama mu ɗauko zancen daga tushe.

ASALIN JAM'IYYAR

NPC ba da sunan siyasa ta fara ba. A cikin 1948 ne 'yan bokon Arewa, watau malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti da na jirgin ƙasa, suka fara taruwa a Zariya da Kaduna don tattauna halin da Arewa take ciki. A watan Yuni 1949 suka yi babban taro a Kaduna da sunan Jam'iyyar Mutanen Arewa. Shugabansu na farko shi ne Dokta R.A.B. Dikko, Bafulatani ne, Kirista, tashin Wusasa, kuma shi ne likita na farko da Arewa ta samu. A cikinsu akwai Malam Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano, da Yusuf Maitama Sule. Ka ji, waɗanda daga baya suka zama abokan hamayya, da can a tabarma ɗaya suke.

Ba a daɗe ba aka rabu. Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu samari suka kafa NEPU a Kano, suna cewa ciwon talaka yana wurin mulkin En'e, sai an gyara shi daga saiwa. Sarakuna da Turawan mulki suka fara kallon ƙungiyar duka da ido ɗaya. A taron Jos na Disamba 1950, masu son a bi a sannu suka rinjayi masu zafin ra'ayi, 'yan NEPU suka kama gabansu. Da aka zo zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa daga unguwa zuwa lardi, NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano. Amma a matakin ƙarshe En'e tana da ikon cusa nata mutanen cikin masu zaɓe, saboda haka NEPU ba ta samu ko kujera ɗaya a majalisar Kaduna ba. Duk da haka abin ya tsorata manya. Ranar 1 ga Oktoba 1951 aka mai da Jam'iyyar Mutanen Arewa jam'iyyar siyasa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shigo, ma'aikatan gwamnati irin su Dokta Dikko kuwa doka ta sa suka ja gefe. A 1954 Sardauna ya zama shugaban jam'iyya, ya kuma zama Firimiyan Jihar Arewa.

Alamarta fartanya ce, gaisuwarta kuwa Salama, kamar yadda NEPU take da tauraro da Sawaba. Takenta shi ne Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ba tare da duban addini ko matsayi ko ƙabila ba. Ra'ayinta na 'yan mazan jiya ne: a riƙe sarauta da addini da al'ada, a kawo ci gaba sannu a hankali ba tare da an rushe abin da aka gada ba.

IGIYOYIN DA SUKA ƊAURE DAMIN

Kai manomi ne, ka san dami ba ya ɗaure kansa. Igiya ta farko da ta ɗaure NPC ita ce tsoron kada Bature ya tafi ɗan Kudu ya hau kujerarsa. A lokacin, manyan ofisoshin Arewa Turawa ne a ciki, akawuna da ma'aikatan gidan waya da na jirgin ƙasa kuwa galibi 'yan Kudu ne, don sun riga mu shiga makarantar boko da shekaru masu yawa. A watan Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo shawara a majalisar Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa suka ce a dakata sai lokacin da ya dace. Aka yi musu ihu a titunan Ikko. Da tawagar jam'iyyar AG a ƙarƙashin Akintola ta zo Kano a watan Mayu, sai rikici ya ɓarke na kwana huɗu, hukuma ta ce mutum 36 suka mutu. Wannan wulaƙanci na Ikko Bakano ya ji shi, Babarbare ya ji shi, ɗan Kabba da ɗan Filato su ma sun ji shi. Da gwamnatin Sardauna ta fito da manufar fifita ɗan Arewa a aikin gwamnati, yaran da suka yi makarantar mishan a Kabba da Binuwai da Filato suna cikin waɗanda suka fi cin moriya, don su ne masu takardar shaida a hannu.

Igiya ta biyu ita ce rabon muƙami lardi-lardi. Sardauna ya ƙware a nan ƙwarai. Makaman Bida Aliyu, Banufe, shi ne ministan kuɗi. Sir Kashim Ibrahim daga Barno ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962. Muhammadu Ribaɗu daga Adamawa ya riƙe ma'aikatar tsaro a Ikko. Kiristoci irin su Peter Achimugu daga ƙasar Igala, da George Ohikere daga Okene, da Michael Audu Buba Wazirin Shendam, duk sun yi minista a Kaduna. Kano ma ba a bar ta a baya ba: Inuwa Wada da Maitama Sule ministoci ne a Ikko, Ibrahim Musa Gashash da Sule Gaya a Kaduna. Saboda haka abokanka da suka ce ta haɗa Musulmi da Kirista ba ƙarya suka yi ba. Kuma an ga aiki a ƙasa: masaƙar Kaduna a 1957, Bankin Arewa, da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Igiya ta uku, wadda ta fi kauri, ita ce En'e. A nan abokanka na ɗaya ɓangaren suke da hujja. Hakimi da dagaci da mai unguwa su ke karɓar haraji da jangali. Kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk a hannun En'e suke. Ko lacca za ka yi, sai En'e ta ba ka izini. Yawancin 'yan majalisar NPC kuwa ma'aikatan En'e ne ko 'ya'yan sarauta. Ɗan kasuwa ma ya san lasin sayen gyaɗa da rance da kwangila suna wurin gwamnati, shi ya sa manyan attajiran Kano da yawa suka jingina da NPC. To, ka ɗauki manomi a ƙasar Kura ko Rano a wancan zamani. Wanda ya yanka masa haraji, da wanda zai yi masa shari'ar gona, da wanda ya ce ya jefa ƙuri'a a akwatin fartanya, duk 'yan gida ɗaya ne. Wani ya jefa don yana so, wani ya jefa don a zauna lafiya. A zaɓen tarayya na Disamba 1959 NPC ta ci kujeru 134 cikin 174 na Arewa, NEPU ta samu 8.

WAƊANDA AKA BARI A WAJE

Na farko, ɗan Kudu. Tsarin jam'iyyar ya ce sai ɗan asalin Arewa ne zai zama ɗan jam'iyya. Ko da mutum ya shekara talatin a Sabon Gari yana biyan haraji, ƙofa a rufe take. Wannan ya sa NPC tana mulkin Nijeriya amma ba ta da reshe a rabin ƙasar, sai dai ta yi ƙawance, da NCNC a 1959, da jam'iyyar Akintola a 1964.

Na biyu, mata. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a 1959, matan Arewa kuwa NPC ta ce lokaci bai yi ba. NEPU ta nemi a ba su, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan gwagwarmaya. Iyayenmu mata ba su ga akwatin zaɓe ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, shekara goma bayan rushewar jam'iyyar.

Na uku, duk wanda ya ce yana da wani suna bayan ɗan Arewa. Joseph Tarka da jam'iyyarsa ta UMBC sun nemi a ba mutanen tsakiyar ƙasa jiharsu. A Ilori an yi ƙungiyar Talaka Parapo, a Barno an yi ta samarin Barno. Shi kansa babban sakataren NPC, Malam Ibrahim Imam, ya fice ya koma hamayya. Amsar NPC kullum ita ce Arewa ba ta rabuwa. A ƙasar Tibi, inda jama'a suka bi Tarka amma En'e take tare da NPC, an yi tarzoma a 1960, aka sake yi a 1964 har sai da aka kai soja. Daɗin daɗawa, rangadin musuluntarwa da Sardauna ya riƙa yi daga 1963 ya faranta ran Musulmi da yawa, amma ya sa Kiristocin jam'iyyar suka fara tambayar kansu ko taken nan na ba a duban addini yana nan daram.

RIKICIN KANO NA 1963

Yanzu mun zo kan tambayarka ta biyu. Ɓarakar da ta fi yi wa NPC ciwo daga cikin gida ta fito, kuma a nan Kano. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi yana cikin ginshiƙan jam'iyyar tun yana Ciroma. Ya yi minista a gwamnatin Kaduna, har ya taɓa riƙon kujerar Gwamnan Jihar Arewa na ɗan lokaci. Ga shi kuma jagora ne a ɗariƙar Tijjaniyya, na hannun daman Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha. Lardinsa ya fi kowane lardi jama'a, dalar gyaɗa kuma a Kano take. Mutanen Kano suka daɗe suna gunaguni cewa kuɗin gyaɗarsu ne ke gina Kaduna, su kuwa ba su ganin daidai abin da suka zuba.

Ita kuma gwamnatin Kaduna tana so kowa ya san cewa Firimiya yana gaba da kowane sarki. A 1962 ta naɗa kwamishinonin larduna, 'yan siyasa, a saman sarakuna, wanda aka turo Kano kuwa Magajin Garin Sakkwato Aliyu ne. A shekarar ce kuma aka naɗa wani Bature, D.J.M. Muffett, ya binciki kuɗin En'en Kano. Bayan rahotonsa, a cikin 1963 Sarki Sanusi ya yi murabus aka kai shi Azare. Muhammadu Inuwa ya hau, ya yi wajen wata shida ya rasu, aka naɗa Alhaji Ado Bayero a watan Oktoba.

Gwamnati ta ce maganar kuɗi ce. Kanawa da yawa suka ce a'a, Sakkwato ce ta taka Kano. Sai wasu magoya bayan Sarki Sanusi, cikinsu har da waɗanda jiya-jiya suke kiran Salama, suka kafa jam'iyyar KPP, watau Jam'iyyar Mutanen Kano, suna neman a dawo da shi. Abin mamaki, suka haɗa kai da NEPU, wadda ta sha ɗauri a zamanin sarkin, da UMBC ta su Tarka. Daga nan kiran a ba Kano jiharta ya ƙara ƙarfi. Ka lura da wannan, Malam: NPC ta ci zaɓen 1964 a Kano, kujeru suna hannunta, amma zukata da yawa sun riga sun tashi. Wanda ke jin cewa da guminsa aka gina gida, in aka hana shi magana a zaure, ciwonsa ya fi na baƙo.

JIHAR KANO DA RUWAN TIGA

Ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, Allah ya jiƙansu, daga baya aka soke jam'iyyu duka. Ranar 27 ga Mayu 1967 Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, Arewa ɗaya ta zama shida, Kano ta samu tata. Gwamna Audu Bako ya zauna da tsofaffin abokan gaba a majalisa ɗaya: Maitama Sule da Aminu Dantata daga gidan NPC, Tanko Yakasai daga gidan NEPU. Wannan gwamnati ce ta fara gwajin noman rani a Kadawa, ta gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, wadda ruwanta yake shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1976 aikin ya koma hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya. Watau ruwan da kake ban shinkafarka da shi ɗan jihar nan ne da aka ce in an yi ta Arewa za ta wargaje.

NPN TA BUƊE ƘOFA

Da aka ɗage takunkumin siyasa a Satumba 1978, tsofaffin 'yan NPC irin su Makaman Bida da Shehu Shagari sun riga sun ɗauki darasi. Sabon tsarin mulki ma ya hana jam'iyyar yanki ɗaya. Sai suka kafa NPN da alamar gida da masara, gaisuwa Aminci, take kuwa ƙasa ɗaya makoma ɗaya. Suka fito da tsarin karɓa-karɓa: shugaban ƙasa daga Arewa, mataimakinsa Alex Ekwueme daga ƙasar Ibo, shugaban jam'iyya Adisa Akinloye daga Ibadan, shugaban majalisar dattawa Joseph Wayas daga Kuros Riba. Tarka da kansa ya shigo, har ya nemi tutar takara tare da Shagari da Maitama Sule da Adamu Ciroma. Ƙasar Tibi da ta yi wa NPC tawaye, ita ce ta ba NPN gwamna a Binuwai, Aper Aku. A 1979 NPN ta ci gwamnoni bakwai, biyu daga ciki a Kudu ne, Ribas da Kuros Riba.

Amma Kano ta ƙi. Malam Aminu Kano ya halarci shirye-shiryen farko, ya ga inda aka dosa, ya fita ya kafa PRP mai mabuɗi. Abubakar Rimi ya zama gwamna. A zaɓen shugaban ƙasa, doka ta ce sai mutum ya samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya samu a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya a kashi 19.94. Lauyan NPN Richard Akinjide ya ce kashi biyu cikin uku na 19 ai 12 ne da sulusi biyu, saboda haka abin da Shagari ya samu a Kano ya isa. Cif Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba Shagari gaskiya a Satumba 1979. Ka ga ke nan, ƙuri'un da iyayenku suka jefa da waɗanda suka hana, su aka yi ta lissafi a kansu a Ikko kafin a rantsar da shugaban ƙasa.

Me ya sa Kano ta ƙi? Karɓa-karɓa ta raba kujeru tsakanin manyan kowace ƙabila, amma tambayar da NEPU ta yi tun 1950, ta matsayin talaka a gaban mai mulki, ba ta amsa ta ba. Gwamnatin Rimi ta soke haraji da jangali tun farkon hawanta, talaka ya ji wannan a aljihunsa. Gwamnatin Shagari ta zuba kuɗi a harkar noma da hukumomin koguna, ba a musu. Amma a watan Afrilu 1980, manoman Bakalori a ƙasar Talatar Mafara, waɗanda aikin madatsa ya cinye gonakinsu suna neman diyya, suka tare hanya, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Wannan a jihar da NPN ta fi ƙarfi ke nan. Ita karɓa-karɓar ma ta yi tuntuɓe: a 1982 Cif Abiola ya fice da ya ga ba za a buɗe masa hanyar takara ba. Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka sake karɓe mulki.

Kada kuma a ce rabuwar kai ciwon 'yan mazan jiya ne kaɗai. PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, tun 1980. Irin wannan rabuwa ce a cikin SDP ta ba Kabiru Gaya na NRC kujerar gwamnan Kano a zaɓen 1991.

TO, WA YA FI GASKIYA?

Ka gaya wa abokanka cewa NPC ta haɗa manyan Arewa na kowane lardi da kowane addini a inuwa ɗaya, ta kuma tsare wa ɗan Arewa gurbinsa a lokacin da yake baya a boko. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ka kuma gaya musu cewa ta jingina da En'e har ta kasa bambanta mai ba da shawara da maƙiyi, ta rufe ƙofa ga mata da ɗan Kudu, ta ɗauki duk mai neman a kira shi da sunan garinsu a matsayin mai raba kan jama'a.

Ku mutanen noman rani kun fi kowa sanin wannan. Kanal ɗaya ne, amma wanda gonarsa take kusa da bakin ruwa da wanda take can ƙarshe ba ɗaya suke ba. Na gaba yakan ce ai duk ruwanmu ɗaya ne, a zauna lafiya. Na ƙarshe kuwa tumatirinsa yana yaushi. In ƙungiyar masu amfani da ruwa ba ta ba shi baki ba, ran nan za a wayi gari an fasa kanal da dare. Ku ma kanku na gaba ne a wurin mutanen Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita ta ragu bayan an datse Tiga. Saboda haka duk jam'iyyar da ta zo muku da zancen haɗin kai, ko wace iri ce, ku tambaye ta wa ke zama in za a tsai da ɗan takara, kuma me ake yi wa ɗan jam'iyyar da ya ce bai yarda ba.

Da fatan mun gamsar da kai da abokan hirarka. A gaishe mana da mutanen Kura da Bunkure da Kwanar Gafan. Sauran masu wasiƙu ku ƙara haƙuri, muna tafe. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.